SHARHI: Alherin kamfani da haƙƙin gari: Abin da ya rage wa Arlit bayan rabuwa da Orano

Ranar 19 ga Yunin 2025 majalisar ministocin Nijar ta sanar da cewa ta mayar da Somaïr, kamfanin da ke haƙar yuraniyom a Arlit tun shekarar 1971, mallakin ƙasa. Orano na Faransa, mai kashi 63.4 cikin 100 na hannun jarin kamfanin, ya yi tir da matakin, ya kuma ce zai bi kadinsa ta hanyar shari'a. Matasa da dama a yankin Sahel, har da na arewacin Najeriya, sun karɓi labarin da farin ciki, kuma ba za a ga laifinsu ba. Shekara hamsin da ɗoriya ana kwasar ma'adinin da ke kunna fitilun Faransa daga ƙasar da mafi yawan gidajenta ba su da wutar lantarki.

Sai dai akwai wata 19 ga Yunin da ba a cika tunawa da ita ba. A irin wannan rana a shekarar 2009 kamfanin, wanda a lokacin sunansa Areva, ya sa hannu kan yarjejeniya da ƙungiyoyi biyu na Faransa: Sherpa, ta lauyoyi masu bin diddigin ɓarnar manyan kamfanoni, da Médecins du Monde, ta likitocin agaji. An amince za a kafa cibiyoyin sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata da mazauna yankunan haƙar yuraniyom a Nijar da Gabon, a kuma biya diyya ga duk wanda aka tabbatar aikin ne ya jawo masa ciwo. An yi ta yabon yarjejeniyar a matsayin sabon babi tsakanin 'yan kasuwa da masu aikin jinƙai. Shekara uku da rabi bayan haka Sherpa ta tattara nata ya nata ta fice.

Duk mai son sanin abin da ke ƙarƙashin maganar nan da kamfanoni ke yawan yi, cewa suna haɗa hannu da ƙungiyoyin agaji domin tallafa wa al'ummar yankin da suke aiki, zai fi samun amsa a wannan yarjejeniya fiye da a rikicin hannun jari. Tambayar da ta bari har yau tana nan: idan kamfani ya ba gari wani abu bisa ganin damarsa, wa mutanen garin za su riƙe ranar da ya daina?

Garin da ma'adini ya haifa

Kafin yuraniyom babu garin Arlit. An kafa shi ne a ƙarshen shekarun 1960, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, domin ma'aikatan Somaïr. Daga baya aka gina Akokan kusa da shi domin ma'aikatan Cominak, kamfani na biyu, wanda ya fara haƙa ta ƙarƙashin ƙasa a 1978. Abzinawan da ke kiwo a yankin tun kaka da kakanni suka wayi gari da maƙwabta daga Tawa, Maraɗi, Damagaram da yammacin ƙasar, waɗanda suka zo neman aiki ko kasuwanci. Kamfanonin biyu su suka gina gidajen ma'aikata, suka haƙa rijiyoyi, suka jawo lantarki, kowannensu kuma ya gina asibiti.

Adalci ne a faɗi cewa asibitocin nan sun yi amfani. Ba ma'aikata kaɗai suke dubawa ba, mutanen gari ma suna zuwa, kuma a yankin da asibitin gwamnati mai kayan aiki ke da nisan ɗaruruwan kilomita, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa ta tashi lafiya ba ta buƙatar wani ɗan boko daga Yamai ko Kano ya gaya mata cewa yaudararta aka yi.

Matsalar tana wani wurin. Likitan da zai ce wa ma'aikaci ga abin da ke damunsa, daga aljihun kamfani albashinsa ke fitowa. Shekara da shekaru masu fafutuka a Arlit suna ƙorafin cewa mutane na mutuwa da ciwon huhu da sankara, amma da wuya a ga takardar asibiti da ta danganta ciwon da ƙurar ma'adini ko tururin nukiliyar da ke fita daga gare shi. Kamfanin ya sha musanta cewa yana ɓoye wani abu. Ko da an ɗauka kowane likita a cikinsu mai gaskiya ne, tsarin da ya sa wanda ake tuhuma shi ne kuma mai riƙe da takardun shaida ba zai taɓa kwantar wa marar lafiya hankali ba.

Wanda ya fara ɗaga murya daga cikin gida shi ne Almoustapha Alhacen, ma'aikacin Somaïr, wanda ya kafa ƙungiyar Aghir In'Man a farkon shekarun 2000. Sunan na Tamashek ne, ma'anarsa garkuwar rai. Ƙungiyar ce ta gayyato masana daga CRIIRAD, wata cibiyar bincike mai zaman kanta a Faransa, waɗanda suka iso a Disambar 2003. An ƙwace manyan na'urorinsu a filin jirgin saman Yamai, amma da ɗan abin da ya rage musu suka gano ƙarafunan da suka gurɓace ana sayar da su a kasuwar gari, inda maƙera da magina ke saya. A ƙarshen 2009 Greenpeace ta je ta yi nata awon, rahotonta na 2010 kuma ya ce a cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba, huɗu sun haura iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha, sannan a wani titin Akokan tururin ya kai kusan ninki 500 na abin da aka saba gani.

A lura da jerin abubuwan nan, domin shi ne ke bayyana yadda aka zo teburin sulhu. Ƙungiyar gari ce ta fara magana, masana suka kawo alƙaluma, lauyoyin Sherpa suka fara shirin zuwa kotu. Sai bayan haka kamfanin ya buɗe ƙofar tattaunawa. Tsoron shari'a da zubewar suna su suka haifi haɗin gwiwar, a lokacin da Areva ke da abin da zai yi asara mai yawa: farashin yuraniyom ya haura dala 130 kan kowace laba a 2007, kamfanin kuma yana neman izinin haƙa a Imouraren, ɗaya daga cikin manyan ma'adanan yuraniyom a duniya, wanda ya samu a farkon 2009.

Yadda yarjejeniyar ta mutu

An buɗe cibiyar Gabon a Mounana, garin da aka daina haƙa tun 1999, a shekarar 2010. Ta jihar Agadas ta biyo baya a ƙarshen 2011. A tsarinta akwai wakilan gwamnati, na kamfanoni da na ƙungiyoyin farar hula, aikinta kuma shi ne kiran tsofaffin ma'aikata ana duba lafiyarsu lokaci-lokaci, a miƙa takardun waɗanda ake zargin aiki ne ya illata su ga kwamitin likitoci. Kuɗin gudanar da ita daga kamfanonin yake fitowa. CRIIRAD, wadda awonta ne ya share hanyar komai, ba ta cikin masu sa hannu, kuma tun farko ta nuna shakku kan 'yancin da cibiyoyin za su samu.

A Disambar 2012 Sherpa ta sanar da ficewarta. Dalilan da ta bayar suna da nauyi. Ta ce an mayar da yarjejeniyar kayan talla, cewa iyalan Faransawa biyu ne kawai suka samu diyya alhali babu ma'aikacin Nijar ko Gabon ko ɗaya da aka biya, sannan ta danganta sanyin gwiwar kamfanin da sauyin shugabanci, bayan da Luc Oursel ya gaji Anne Lauvergeon a 2011. Areva ya yi watsi da zargin, cibiyar Agadas kuma ta ci gaba da aiki ba tare da Sherpa ba.

Akwai abin da ya faru a tsakani wanda ba kowa ke haɗa shi da wannan labari ba. A Maris ɗin 2011 hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima ya auku a Japan. Farashin yuraniyom, wanda yake kusan dala 70 kafin hatsarin, ya yi ta gangarowa har ya faɗi ƙasa da dala 20 a ƙarshen 2016. Areva ya shiga asara, aka jingine aikin Imouraren, daga ƙarshe aka wargaza kamfanin aka sake masa fasali, ɓangaren ma'adinai da makamashin nukiliya ya zama Orano a 2018. Alkawarin da aka ɗauka lokacin yalwa ya zo cikawa lokacin tsuke bakin aljihu, kuma babu alƙalin da zai tilasta cika shi, domin tun asali ba doka ce ta ɗora shi ba.

Wata shari'a da aka yi a Faransa a daidai wannan lokaci ta nuna inda gizo ke saƙa. Iyalan wani Bafaranshe da ya yi aiki a Cominak, ya kuma mutu da sankarar huhu a 2009, sun kai ƙara. A 2012 wata kotu ta ɗora wa Areva laifi. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa Cominak ne ya ɗauke shi aiki, kamfani mai rajista a Nijar, ba Areva ba. Wato lokacin buɗe asibiti ko raba littattafai sunan uwar kamfani ne ke kan allo, lokacin biyan diyya kuma sai a ce a nemi reshen. Idan haka ta faru da iyalan Bafaranshe masu lauya a Paris, mai karatu na iya ƙiyasta halin tsohon lebura a Akokan.

Shin Sherpa ta yi kuskure da ta shiga? A ganina ba ta yi ba, ko da yake ta biya farashi. Shari'a a Faransa kan ɓarnar da aka yi a hamadar Nijar tana iya cin shekara goma a tashi babu komai, marasa lafiya kuwa ba su da shekara goma. Abin da ƙungiyar agaji ke kawowa teburin irin wannan ciniki shi ne amanar da jama'a suka ba ta, ita ce kuma kaɗai abin da kamfani ba zai iya saya a kasuwa ba. Na tsawon shekara uku da rabi Areva yana iya nuna wa 'yan jarida da masu zuba jari cewa waɗanda suka fi kowa sukarsa yanzu abokan aikinsa ne. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya ceci mutuncin Sherpa shi ne ba ta dogara da kamfanin don rayuwa ba, shi ya sa ta iya ajiye askar ta fito ta faɗi dalili. Ƙaramar ƙungiya a Arlit ko Agadas, wadda kuɗin hayar ofishinta da man baburanta ke fitowa daga tallafin kamfani, ba ta da wannan gatan.

Kyauta da kaso

Bayan wannan sai aka koma ciniki tsakanin kamfani da gwamnati. A 2013 Oxfam da ROTAB, gamayyar ƙungiyoyin Nijar masu bin diddigin kuɗin ma'adinai ƙarƙashin Ali Idrissa, suka fitar da rahoton da ya ce kimanin kashi 13 cikin 100 ne kawai na darajar yuraniyom ɗin da aka fitar ya shiga baitulmalin Nijar. Areva ya ƙaryata lissafin. Bayan watanni ana ja-in-ja, a Mayun 2014 aka cimma yarjejeniya da gwamnatin Mahamadou Issoufou: kamfanonin za su bi dokar ma'adinai ta 2006 wadda ke iya ɗaga kason gwamnati daga kashi 5.5 zuwa 12 gwargwadon riba, Areva zai ba da Yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, da Yuro miliyan 17 don aikin noma da kiwo a kwarin Irhazer. A Mayun 2023 aka sake wata da gwamnatin Mohamed Bazoum, wadda ta haɗa da alkawarin Yuro miliyan 40 na ayyukan jin daɗin jama'a zuwa 2030. Ko wata uku ba a yi ba sojoji suka kifar da gwamnatin, ranar 26 ga Yuli.

Hanyar Tawa zuwa Arlit ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Ita ce hanyar da manyan motoci suka riƙa bi a baya da yuraniyom zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, suna kuma dawowa da sinadaran da masana'antar ke buƙata. Gyaranta alheri ne ga fasinjan Agadas, amma kafin nan buƙatar kamfanin ce. Da yawa daga abin da ake lissafawa a matsayin taimako ga al'umma irin wannan ne: ruwa, wuta, hanya da asibitin da kamfani ba zai iya aiki a tsakiyar hamada ba tare da su ba.

A gefe guda kuma akwai kuɗin da ba kyauta ba ne. Dokar 2006 ta tanadi cewa kashi 15 cikin 100 na abin da gwamnati ke samu daga haƙar ma'adinai ya koma wa ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo shi. Wannan haƙƙi ne, a rubuce, wanda ba ya jiran farashin kasuwa ya yi kyau ko shugaban kamfani ya kasance mai tausayi. Amma shekara da shekaru zaɓaɓɓun jihar Agadas suna kukan cewa kuɗin na maƙalewa a Yamai, bashi na taruwa. A nan laifin ba na Faransa ba ne. Gwamnatocin Nijar ɗaya bayan ɗaya sun ga ya fi musu sauƙi su bar kamfani ya riƙa yi wa Arlit abin da hukuma ya kamata ta yi, su kuma su riƙe kason garin. Kamfani ya samu suna, gwamnati ta samu sauƙi, ƙungiyoyi suka samu ayyukan gudanarwa. Mutumin gari ne kaɗai ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa da hujjar doka a hannunsa.

An ga sakamakon haka ranar 31 ga Maris ɗin 2021, da aka rufe Cominak bayan ma'adinin ya ƙare. Ma'aikata kimanin 600 sun samu kuɗin sallama, ɗaruruwan da ke aiki ƙarƙashin 'yan kwangila kuwa, waɗanda suka shaƙi ƙura ɗaya da su, suka yi ta kukan an bar su a baya. Tsarin rufewar ya tanadi miƙa asibitin Akokan da hanyoyin ruwa da lantarki ga hukumomin gwamnati, wato hukumomin da shekara arba'in ba su saba ɗaukar wannan nauyi ba.

Sabon mai gida

Yanzu da Somaïr ya koma hannun gwamnati, ana iya zaton an rabu da matsalar. Ina ganin ta ƙara rikicewa ta wata fuskar. A da mai haƙa daban, mai sa ido daban, ko da kuwa mai sa idon yana da hannun jari ta kamfanin Sopamin kuma ba ya son ɓata wa abokin cinikinsa rai. Yau mai haƙa, mai duba lafiyar ma'aikata, mai auna ruwa da mai bai wa ƙungiyoyi lasisin aiki duk hukuma ɗaya ce.

Yadda hukumar ke tafiya da masu sa ido kuma ba ya ba da ƙwarin gwiwa. A Afrilun 2024 an rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, wato waɗanda doka ta ce su karɓi kashi 15 ɗin yanzu naɗaɗɗu ne na wanda ke riƙe da kuɗin. A Nuwambar 2024 an soke izinin aikin ƙungiyar agaji ta Acted da wata ta cikin gida mai suna APBE. A Disamba aka kama Moussa Tchangari, ɗaya daga cikin fitattun jagororin farar hula, wanda ya daɗe yana sukar rawar Faransa a ƙasar. A Fabrairun 2025 aka umarci ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta bar Nijar. A irin wannan yanayi, ma'aikacin da zai yi abin da Almoustapha Alhacen ya yi shekara ashirin da suka wuce, ya gayyato masana daga waje su auna ruwan rijiya, yana iya samun kansa ana kiransa ɗan koren 'yan mulkin mallaka. Areva aƙalla yana jin tsoron jaridun Paris da kotunan Faransa.

Masu karatu a Najeriya kada su ɗauka labarin maƙwabta ne kawai. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta yi ƙoƙarin mayar da irin wannan kyauta haƙƙi, inda ta wajabta wa kamfanonin mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin da suka kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata cikin asusun amana na garuruwan da suke haƙa. Ci gaba ne, amma kamfanin ne ke naɗa amintattun asusun bayan tuntuɓar gari, kuma idan aka fasa bututu ana cire kuɗin gyara daga kason al'umma. Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwambar 2022, wannan sashe na dokar ya zama abin da ya shafi Arewa kai tsaye. Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da al'ummar da ke wurin kafin ya fara aiki. Matashin da ke garin da ake haƙar zinariya ko litiyom yana da ikon ya nemi ganin wannan takarda, ya duba wa ya sa hannu a madadinsa, wa ke riƙe da asusun, da abin da ta ce game da ranar da ramin zai ƙare.

A Akokan ranar ta riga ta zo. Cominak ya bar tsibin sharar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20 a fili, 'yan kilomitoci daga gidajen mutane, a yankin da iska ke kwasar rairayi ta kai shi inda ta so. Daga cikin abin da ke cikin sharar akwai sinadarin radiyom, wanda sai ya yi shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Shirin da aka tsara shi ne a lulluɓe tsibin da yumɓu da duwatsu masu kaurin kusan mita biyu, aikin da aka ɗiba wa kimanin shekara goma, sannan a ci gaba da auna iska da ruwan ƙarƙashin ƙasa bayan an gama. Sanarwar 19 ga Yuni ta shafi Somaïr ne. Aikin rufe sharar yana wuyan Cominak, wanda manyan masu hannun jarinsa su ne Orano da gwamnatin Nijar, ɓangarori biyun da yanzu lauyoyi ke magana a madadinsu gaban kotun sasanta rikicin masu zuba jari ta Bankin Duniya.